Guntuwar Takarda a Haƙoran Giya

Ranar Litinin da hantsi kayan suka iso Ƙanƙara. Saura kwana shida Jabiru ya tafi makarantar kwana a Funtuwa.

Direban motar Kano ne ya kawo su, cikin ɗan kwali da aka naɗe da salatif. Ƙanwar Jabiru ce ta karɓa a ƙofar shagon Babansu. Shekarunta goma sha ɗaya. Ita ce ƙarama a gidan, don haka kowa Auta yake ce mata.

Babansu, Malam Rabo, mai gyaran janareto ne da injin niƙa. A saman kantar shagonsa akwai wata motar wasa da ta shekara a ajiye. Ba irin ta roba da ake sayarwa ranar kasuwa ba ce. Tsawonta ya fi kamu guda na babban mutum. Nauyinta ya kai na ɗan akuya sabuwar haihuwa. Tana da manyan tayoyi masu ƙuraje, da ɗan tanki, da salansa, da injin gaske wanda bai fi dunƙulen hannu ba. Da rimot ake tuƙa ta.

Kawu Abdulkarim ne ya aiko da ita daga Kano. A cikin kayan gwanjo ya tsince ta. Amma ba ta taɓa tafiya ba a Ƙanƙara, domin injinta ba ya shan fetur. Wani mai yake sha na musamman, ana ce masa nitiro. An nema a Funtuwa, an nema a Malumfashi, babu wanda ya ma taɓa jin sunansa.

Da Jabiru ya ci jarrabawar shiga makarantar kimiyya, sai Baba ya yi masa alkawari.

"Za mu cire injin mai, mu sa mata na lantarki," in ji shi. "Kafin ka tafi, sai ka tuƙa ta da hannunka."

Abin da ke cikin kwalin ke nan.

Baba ya yanke salatif ɗin. Ya fito da wani abu baƙi kamar ƙaramin gwangwanin tumatir, mai wayoyi uku.

"Wanga shi ne sabon injin."

"Wannan ɗan abin?" in ji yarinyar. "Shi zai ja mota?"

"Zai ja ta har ki kasa bin ta da ido. Kin san kabon ɗin da muke canza wa janareto in ya cinye?"

"Na sani."

"To, shi ba shi da kabon ko ɗaya. Babu abin da ke gogar wani a cikinsa. Mayen ƙarfe ne ke juyawa."

Ya fito da ɗan akwati mai ƙaramar fanka a kai. Ya ce ita ce ƙwaƙwalwa, ita ke gaya wa injin irin gudun da zai yi. Sai batir. Sai giya biyu, faya-fayan nan masu haƙora da ke juya tayoyi: ƙaramar ta ƙarfe, babbar ta roba mai tauri, fara fat.

"Babbar nan guda ɗaya ce tak," in ji Baba. "Kawunku ya ce da ƙyar ya samo ta. A kula da ita."

Washegari suka fara aiki. Jabiru ya kwance tsohon injin. Ya cire tanki, ya cire salansa. Ya wanke jikin motar da kananzir da tsohon buroshin haƙori, har ƙarfen ya fito. Baba ya huda sababbin ramuka inda mazaunin injin zai zauna. Sau biyu ramin yana kaucewa, sau biyu yana sakewa.

Aikin yarinyar shi ne kula da sukurori. Ta samo murafun kwalba ta jera, kowane iri da murfinsa. Idan an gama da sukundireba ko alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na ɗaure sukuru, ita ke mayar da shi cikin gwangwaninsa. Tana son aikin. Amma ta fi son a ce ita ke riƙe da alankin.

"Baba, ni ma in ɗaure guda ɗaya mana."

"Motar Yayanki ce. Bar shi ya koya. Ke kina nan tare da ni, shi tafiya zai yi."

Ta iya ɗauri kuwa. Tun tana shekara takwas take taya Baba. Ta san dokar shagon, domin kullum sai an faɗe ta: ba a barin noti sako-sako. Janareto jijjiga yake yi. Notin da ba a matse ba, kwana biyu ya faɗi. Yaran da ke koyon aiki sun sha faɗa a kan haka.

Ranar Juma'a aka gama haɗa wayoyi. Aka ɗora motar a kan bulo biyu, aka gwada injin shi kaɗai, ba a haɗa shi da giya ba. Ya yi wani ɗan fito siriri. Jabiru ya yi tsalle har ya buga kansa da kantar shagon.

"Saura mi, Baba?"

"Saura haɗa haƙoran giya. Gobe da safe, in Allah ya kai mu. Da la'asar sai fili."

Ranar Asabar yarinyar ba ta je shago da safe ba. Inna ta riƙe ta a gida. Ana haɗa wa Jabiru kayan makaranta: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, soyayyar gyaɗa. Ita aka bai wa dakan yajin. Tana daka tana atishawa, hankalinta yana shago.

Sai bayan azahar Inna ta ba ta kwanon abinci ta kai musu.

Ta tarar da shagon a buɗe, babu kowa. Abdulgafar mai faci, maƙwabcinsu, ya leƙo daga rumfarsa.

"Auta, Malam ya tafi Mabai. Injin niƙansu ya tsaya, suka zo da babur suka ɗauke shi. Jabiru kuma yana wajen tela, wai wandonsa ya yi tsawo. Aje abincin, ina kallon shagon."

Ta ajiye kwanon. Motar tana kan tebur, an cire mata murfi.

An ɗora sabon injin a mazauninsa. Ƙaramar giyar tana kusa da babbar. Yarinyar ta sunkuya ta duba da kyau. Sai ta ga abu biyu da ba su yi mata ba.

Na farko, wata guntuwar takarda ta maƙale tsakanin haƙoran. Takardar littafin makaranta ce, siririya, har da layi a jiki. Na biyu, sukurorin da ke riƙe da injin ba a matse su ba. Ta taɓa injin da yatsa, ya ɗan motsa.

"Yaya ke nan," ta ce a ranta. "Gaggawa."

Ta tsaya jim. Ta san Baba ba ya son a taɓa aikin da ya bari a buɗe. Amma wannan ai ba taɓawa ba ce, gyara ne. Idan suka dawo suka tarar an gama, fili kawai za a wuce. Baba zai tambaya wa ya yi. Ita kuwa sai ta yi shiru tukuna, ta bari su yi ta mamaki.

Ta zare takardar, ta dunƙule, ta jefa a kwandon shara. Ta sa babban yatsa ta tura injin har haƙoran suka shige juna, babu ko ɗan sarari. Ta ɗauki alanki. Ta matse sukuru na farko. Ta matse na biyu. Ta sa hannu biyu ta ƙara, yadda ake yi wa janareto.

Ta girgiza injin. Ko gezau.

Ta mayar da alankin cikin gwangwaninsa, ta koma gida tana murmushi.

Da la'asar ta dawo. Baba ya riga ta isowa, hannunsa duk baƙin mai. Ya dubi motar, ya ga babu takarda, ya taɓa injin ya ji shi daram. Ya gyaɗa kai. Ya sa batir, ya rufe murfi.

Can sai ga Jabiru da sabon wando a leda. Ya ga Baba yana rufe murfi.

"An gama?"

"An gama. Ɗauko rimot."

Yarinyar ta jira a tambaya. Babu wanda ya tambaya. Baba ya ɗauka Jabiru ne ya ƙarasa. Jabiru ya ɗauka Baba ne. Ta ce a ranta, ba komai, a fili za ta faɗa, idan motar ta tashi.

Jabiru ya rungumi motar kamar jariri. Kafin su kai filin firamare, yara sun fi ashirin a bayansu. Abdulgafar ma ya rufe rumfarsa ya biyo su.

"Malam Rabo, halan yau za mu ga jirgi?"

"Kai dai ka ja baya da ƙafarka," in ji Baba.

Aka ajiye ta a ƙasa. Rimot ɗin kamar bindigar wasa yake, da kunama, da ɗan sitiyari a gefe. Jabiru ya miƙo hannu.

"Tsaya," in ji Baba. "Bari in ga ko tana tafiya sak. Zagaye ɗaya, sai in ba ka."

Ya ja kunamar a hankali. Motar ta motsa. Yara suka yi ihu. Ya ƙara ja, ta zabura, tana watsa ƙasa da ciyawa a baya. Kafin a ƙifta ido ta kai tsakiyar fili.

Amma ba fito take yi ba irin na jiya. Kuka take yi, mai kaushi, kamar injin niƙan da ya haɗiyi tsakuwa.

Yara ba su lura ba. Baba ya lura. Fuskarsa ta canza.

"Kukan nan bai yi mini ba. Bari in dawo da ita."

Motar ta riga ta kai wajen ragar ƙwallo ta can nesa. Ya juyo da ita. Ya ja kunamar don ta haye wani ɗan tudu. Sai aka ji ƙarrr. Motar ta yi laƙwas, ta gangara kaɗan, ta tsaya. Injin yana ta juyawa, tayoyin ba sa motsi.

Duk aka ruga.

Baba ya cire murfi. Warin ƙonanniyar roba ya taso. Wani farin gari ya bazu a cikin motar. Babbar giyar nan, rabin haƙoranta sun tafi, sauran sun kwanta. Ya taɓa injin, ya janye yatsa da sauri.

Ya gwada tura injin, bai motsa ba. Ya duba haƙoran da suka rage. Sannan ya ɗago ya dubi Jabiru.

"Ina takardar?"

"Wace takarda, Baba?"

"Wadda muka sa da safe. Na ce maka a matse da ita a ciki, sannan a juya giya ta fito. Ka cire ta ka danna injin. Dubi, har ya karkace."

"Ni ban taɓa ba. Na ɗauka kai ka ƙarasa."

"Ni ina Mabai."

"Wallahi, Baba..."

"Kada ka rantse mini. Tun safe kake cewa mu ɗaure kawai mu gwada. Ban ji ka ba?"

"Na faɗa, amma ban..."

"Jabiru, kuskure ba komai ba ne. Kowa na yi. Ƙarya ce ba na so. Gobe za ka shiga cikin mutane, da halin da za ka tafi ke nan?"

Idon Jabiru ya kawo ruwa. Ya dubi ƙanwarsa sau ɗaya, sannan ya dubi ƙasa.

Yarinyar tana tsaye a gefen Baba. Maganar tana bakinta. Kalma biyu ce kawai: ni ce. Amma ga yaran unguwa sun kewaye su. Ga Abdulgafar. Ga fuskar Baba, wadda ba ta taɓa gani a haka ba. Ta ce bari a koma gida tukuna.

"Tsohuwar giyar fa?" in ji Abdulgafar. "Ba za ta shiga ba?"

"Haƙoranta ba su dace da na sabon injin ba," in ji Baba. "Shi ke nan. Sai an sake nemowa."

Yara suka watse ɗaya bayan ɗaya. Jabiru ya ɗauki motar. Rimot ɗin yana hannun Baba har gida. Jabiru bai taɓa shi ba ko sau ɗaya.

A gida ta ce bari a ci abinci tukuna. Aka ci. Ta ce bari gari ya waye.

Gari ya waye da hayaniya. Ana neman kwaɗon akwati. Ana ɗaure katifa. Bokiti ya ƙi shiga buhu. Inna tana ta nanata wa Jabiru ya riƙa salla a kan lokaci, kada ya ba kowa aron cokalinsa. Baba ne zai raka shi. Ya sa hula ya fita ƙofar gida, yana jiran mai babur.

Jabiru ya tsuguna ya gaida Inna. Ya zo wajen ƙanwarsa, ya dafa kanta.

"Auta, sai na dawo. Ki kula da murafun kwalbarki."

Ta so ta riƙe rigarsa. Mai babur ya yi hon. Suka tafi.

Gidan ya yi tsit. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta shiga ɗakin Jabiru, ta ga tabarma babu katifa. Ta fito. Da rana Inna ta zuba mata dambu, ta kasa ci.

"Ke, mi ke damunki? Kewar Yayanki ce tun yanzu?"

Sai kuka ya ƙwace mata.

"Inna, ni ce. Ni na cire takardar. Ni na matse."

Inna ta ajiye ludayi.

"Kina tsaye aka yi masa faɗa?"

"E."

"Kina tsaye ya tafi?"

"E."

Inna ba ta daka mata tsawa ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi.

"Ba ni za ki gaya wa ba," ta ce. "Babanki zai dawo da yamma. Da bakinki za ki faɗa masa. Ni ba zan taya ki ba."

Baba ya dawo kafin magariba, a gajiye. Ya zauna a kan tabarma ya cire hula. Ta kawo masa ruwa. Ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Baba, ina da magana."

Ta faɗa duka. Kwanon abinci, takarda, alanki, hannu biyu. Ba ta rage komai ba.

Baba ya riƙe kofin bai sha ba.

"Mi ya sa kika cire takardar?"

"Na ɗauka shara ce ta maƙale."

"Mi ya sa kika matse haka?"

"Kai ka ce ba a barin noti sako-sako."

Ya rufe ido. Ya yi ajiyar zuciya.

"Na faɗa. A janareto na faɗa. Sukurun kam a matse shi. Amma haƙoran giya ba a danna su cikin juna. Suna son ɗan sarari, kaurin takarda guda, don su juya ba su ci juna ba. Takardar nan ma'auni ce. Da kin tambaya, da minti ɗaya ya isa in gaya miki."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Giya roba ce, Auta. Za a samo wata." Ya ajiye kofin. "Kin san tun daga nan har Sheme ban ce masa uffan ba? A Sheme ya sayo mini ruwa da kuɗin guzurinsa, na karɓa ban dube shi ba. A ƙofar makaranta abin da na ce masa kawai, ya riƙa faɗin gaskiya. Yaron da gaskiyar ya faɗa mini."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Hawaye yana ɗiga a tabarma.

"Laifinki biyu," in ji Baba. "Kin taɓa abin da ba ki sani ba, ba ki tambaya ba. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne shirun da kika yi, wani ya ɗauki laifinki. Ni ma ina da nawa. Na yanke hukunci ban bincika ba. Gobe ni da ke za mu nemi gafararsa."

Ɗalibai ba sa riƙe waya a makarantar. Amma Baba ya karɓo lambar malamin da ke kula da ɗakin kwanansu. Washegari bayan la'asar ya kira. Aka ce a jira. Suka jira a shago, wayar tana kan tebur kusa da motar. Da ta yi ƙara, yarinyar ta zabura.

"Salamu alaikum, Baba." Muryar Jabiru ta fito ƙarama.

"Wa alaikumus salam. Jabiru, na gano ba kai ba ne. Na zarge ka a gaban mutane, ban kyauta ba. Ka yafe mini."

"Haba, Baba. Haba. Ba komai."

"Ga ƙanwarka."

Ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Yaya, ni ce na..."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun a fili. Da na dawo daga wajen tela na ga alanki a cikin gwangwani. A kan tebur muka bar shi. Ni da Baba wa ke mayar da abu wurinsa?"

"To mi ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ɗauka za ki faɗa da kanki. Na jira har a kan babur."

Wannan ya fi faɗan Baba zafi.

"Ka yafe mini, Yaya."

"Na yafe. Ke, daina kuka, katin malaminmu kike ƙonawa. Yajin nan da kika daka, barkono nawa kika zuba? Duk ɗakinmu atishawa ake yi."

Ta yi dariya cikin kuka.

Sai da aka yi sati uku sabuwar giya ta iso. Kawu Abdulkarim ya ce har Legas aka aika. A cikin kwanakin nan motar tana kan kantar shago. Kullum yarinyar ta dawo daga makaranta sai ta gan ta. Yaran unguwa kuma ba su bar ta ta huta ba.

"Auta, ina jirgin naku? Ko ya sauka a garin Sabuwa?"

Ba ta tanka musu. Abdulgafar kuwa da kanta ta je ta gaya masa ba Jabiru ba ne. Ya ce, "Ashe!" Ya ci gaba da facinsa. Kafin yamma duk layin an ji.

Ranar da giyar ta zo, Baba ya sa ta a wurinta. Sannan ya miƙa wa yarinyar alanki.

"Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Yago takarda."

Ta yago daga bayan littafin lissafinta, siririya. Ta sa tsakanin haƙoran.

"Yanzu in tura?"

"Tura a hankali. Har ki ji ya taɓa. Kada ki danna."

Ta tura.

"Haka?"

"Duba ta sama. Ya miƙe?"

"Ya ɗan karkace."

"To, gyara."

Ta gyara. Ta matse sukuru na farko kaɗan, na biyu kaɗan, ta koma na farko. Ta juya giyar da yatsa. Takardar ta fito ta ɗaya gefen, ta yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar kwanon rufi, amma ba ta yage ba.

Baba ya riƙe ƙaramar giyar, ya kaɗa babbar. Ta yi ɗan motsi, ƙis-ƙis, da ƙyar ake ji.

"Kin ji wannan? Shi ake nema."

Suka ɗora motar a kan bulo biyu. Baba ya ja kunamar. Tayoyi huɗu suka juya a iska. Babu kuka. Fito ne siriri, mai daɗi.

Ya miƙo mata rimot.

"Mu je fili ki gwada."

Ta dubi rimot ɗin. Hannunta har ƙaiƙayi yake yi. Ta mayar da shi bayanta.

"A'a, Baba. Yaya ne zai fara."

"Ranar ziyara a makarantarsu saura kwana goma sha biyu."

"Zan jira."

Ta jira. Ba da sauƙi ba. Sau biyu tana ɗauko rimot ɗin ta share masa ƙura ta mayar.

Ranar ziyara suka shiga motar Funtuwa, ita da Baba da Inna. Inna tana riƙe da kular shinkafa. Yarinyar tana rungume da buhu a cinya. Kwandasta ya ce a sa a but, ta ƙi.

Jabiru ya rame kaɗan, an yi masa aski ƙwal. Ya gaida Baba, ya gaida Inna. Sannan ya ga buhun.

"Mene ne wannan? Garin kwaki?"

"Buɗe."

Ya buɗe. Sai ga motar.

"Tana tafiya?"

"A kan bulo dai tana tafiya," in ji Baba. "A ƙasa ba mu sani ba. Ƙanwarka ta hana kowa."

Baba ya nemi izini wajen malamin da ke kan aiki. Malamin ya ce a je filin ƙwallo, shi ma zai zo ya gani. Kafin a sa batir, ɗalibai sun bar kulolin iyayensu sun taru.

Yarinyar ta ajiye motar a kan layin tsakiya. Ta ɗauko rimot, ta sa a hannun Yayanta.

"A hankali za ka fara ja," ta ce.

Jabiru bai ja a hankali ba. Motar ta ɗaga ƙafafun gaba, ta harba kamar an cilla ta. Ɗalibai suka dare biyu suna ihu. Ta ratsa fili, ta yi tsalle a kan wani tudu, ta sauka, ta nufi ragar ƙwallo. Ya murɗa sitiyari, ta juyo a guje, ta bi ta tsakanin ƙafafun malamin. Malamin ya yi tsalle, takalminsa ɗaya ya fita. Shi ya fi kowa dariya.

Jabiru ya yi zagaye uku. Sannan ya tsayar da ita a gaban ƙanwarsa, ya miƙo mata rimot.

"Karɓi. Saura ke."

"Ƙara ɗaya tukuna," ta ce.

Ya ƙara ɗaya.